Surajo Nas da Kunyar Surukinsa

Surajo mutumin Ba'awa ne ta ƙasar Kiru, kuma shi ne na farko a unguwarsu da ya sanya farar rigar ma'aikacin jinya. Mahaifinsa manomi ne mai gona biyu da jaki ɗaya, wanda bai taɓa cin abin da bai yi wa gumi ba. Ɗan kuwa tun yana firamare aka gane irinsa. Yana da kaifin kai, babu mai musun wannan, amma kaifin nasa irin na ɗalibin nan ne da ya fi karanta fuskar malami a kan littafi. Ya san wane malami ne ba ya iya hukunta yaro idan an durƙusa masa, ya san wanda ba ya duba aikin gida ran Juma'a. Da wannan ilimin ya haye aji zuwa aji, da shi kuma ya yi zaman duniya.

A shekarar 1984 ya gama makarantar koyon jinya, aka ba shi lasisin aiki, aka tura shi wani ƙaramin asibiti a ƙauye can bayan Doguwa, inda mota ke daina zuwa da zarar damina ta kankama. Babu likita a wurin, saboda haka manoma da makiyaya suka riƙa kiransa Likita. Ko sau ɗaya bai gyara musu ba. Alƙalami uku yake jerawa a aljihun gaba, abin sauraron ƙirji na rataye a wuyansa har ranar kasuwa, takalminsa kuwa sau biyu yake goge shi a yini. Shekara uku da fara aiki ya auri Asma'u, 'yar Malam Balarabe, wani dattijon nas da ke shugabantar ƙaramin asibiti a Tiga.

Da daminar 1990 babur ya kayar da shi a wata mashigar rafi, ƙashin ƙugunsa ya tsage. A nan dole a yi masa adalci: ciwon na gaske ne, kuma allurar kashe zafin da aka fara yi masa bisa ƙa'ida aka yi ta. Sai dai ƙashi ya haɗe cikin mako bakwai, marmarin allurar kuwa bai haɗe ba. Ya koma bakin aiki, makullin akwatin ƙarfen da ake ajiye irin wannan allura yana aljihunsa, kuma ba ya iya kai azahar ba tare da ya soka wa cinyarsa ɗaya ba.

Matsalarsa guda ce. Kowace kwalbar da ta fita daga akwatin sai an rubuta sunan majinyacin da aka yi wa a rajista. Ke nan yana bukatar mutanen da za a rubuta an yi musu, alhali ruwan allura zalla aka ɗura musu. Ya gwada da wani manomi da gatari ya sare wa ƙafa. Mutumin ya yi ta kururuwa har masu tallar gyaɗa suka taru a bakin taga. Surajo ya ɗauki darasi, kuma darasin da ya ɗauka shi ya fi komai nuna ko shi wane ne. Ya lura cewa Bafulatani ba ya kuka da ciwo a gaban mutane. Fulako, wato wannan kamun kai da suke alfahari da shi, bai yarda namiji ya ce wash ba, ko da ana yanka shi. Daga ranar Surajo ya san wa zai riƙa cuta.

Wata Laraba da hantsi aka kawo wani makiyayi, Hamidu, bijimi ya farke masa cinya da ƙaho tun daga gwiwa har kusa da matsematsi. Yayyen matarsa biyu suka rako shi, suka tsaya a bakin ƙofa dogare da sanduna. Rabi, ungozomar asibitin, ita ta riƙe farantin kayan ɗinki. Surajo ya juya baya, ya fasa kwalba, ya zuƙa, ya soka, ya fara ɗinki.

Da aka kai ɗinki na shida Hamidu ya ce a hankali, “Likita, allurar nan kam ta shiga?”

“Ta shiga mana, ɗan Fulani. Ko in aika a kira maka inna ta riƙe maka hannu?”

Yayyen matar suka yi murmushi. Ɗinki ashirin da uku aka yi masa, gumi na zuba daga haɓarsa, ya kafa wa rufin ɗaki ido. Da aka gama ya ce, “Madalla, Likita,” ya miƙe, ya yi taku uku, ya faɗi sumamme.

Bayan an fita da shi Rabi ta ce, “Malam Surajo, kwalbar da ka fasa ta ruwa ce. Na gani.”

“Ke ungozoma ce ko sufeto? Je ki ji da masu naƙuda.”

Ta tafi. Amma da azahar ta shiga sito neman auduga, ta same shi zaune a kan kwali, wando a gwiwa, sirinji a ƙasa, kai ya langaɓe, yawu na bin farar rigar. Ba ta tashe shi ba. Ta rubuta takarda zuwa Kano, ta sa hannu da cikakken sunanta.

Mutane uku aka turo. Suka duba rajista, suka ga cikin majinyata arba'in da aka rubuta an yi wa allurar, talatin da huɗu mutanen ruga ne. Suka karɓi fitsarin Surajo suka kai ɗakin gwaji, abin da a lokacin sabo ne ga mutanen karkara, sakamako ya fito da abin da kowa ya riga ya sani. A farkon 1992 ya tsaya gaban kwamitin ladabtarwa na hukumar da ke ba ma'aikatan jinya lasisi. Ya je da hoton ƙashin ƙugunsa, ya cire hula, ya yi kuka da hawaye. Tun kafin a zauna ya riga ya gane wace ce mai taushin zuciya cikin 'yan kwamitin, ita ya riƙa duba.

Aka dakatar da lasisinsa wata shida, aka kai shi asibiti aka yi masa magani. Bayan nan sai shekara biyu ƙarƙashin sa ido, da sharuɗɗa huɗu. Ba zai riƙe makullin magani ba. Ba zai yi aiki shi kaɗai ba. Duk Talatar farko ta wata zai ba da fitsari a kan idon babban nas mai kula da shi, a liƙe kwalbar, a sa hannu, a aika Kano. Idan kuma aka sake samun allurar a jikinsa ko da sau ɗaya ne, za a soke sunansa har abada. Da aka tambaye shi inda yake ganin zai fi samun natsuwa, sai ya sunkuyar da kai ya ce ya ji ana yabon wani dattijo a Tiga, Malam Balarabe. 'Yan kwamiti suka duba fayil, suka ga shekara ashirin da takwas babu tabo ko ɗaya, suka amince. Cewa dattijon uban matarsa ne, wannan Surajo bai ga dalilin ambata ba.

Duk wanda ya tashi a ƙasar nan ya san abin da ke tsakanin mutum da surukinsa. Tun da aka ɗaura auren ba su taɓa cin abinci a kwano ɗaya ba. Idan Surajo ya je gaisuwa, daga nesa yake tuɓe takalmi ya durƙusa, dattijon ya amsa yana kallon gefe. Malam Balarabe bai taɓa kiran sunansa ba, Malam yake ce masa. Wannan mutum ne aka aiko wa fom mai layi a ƙasa da ke cewa: na shaida da idona.

Talatar farko Malam Balarabe ya karanta fom ɗin sau uku. Ya ɗauki kwalba, ya taka da surukinsa har ƙofar makewayi, ya miƙa masa ba tare da sun haɗa ido ba. Sannan ya koma gindin mangwaron da ke tsakar asibitin, ya juya baya, ya ciro carbi. Da aka kawo kwalbar ya liƙe ta, ya sa hannu. Surajo ya ji daɗi, domin lissafinsa ya fita daidai.

Wata uku na farko da gaske ya kame. A na huɗu ya je Tudun Wada ranar kasuwa, ya bi ta wani shagon magani da ba a tambayar takardar likita, ya dawo da kwalabe shida a cikin safa. Ya gaya wa kansa cewa sanyin dam ɗin Tiga ne ke tayar masa da tsohon ciwo, kuma mutum mai iliminsa ya san iyakar da zai tsaya. Saura fitsarin ran Talata. Nan ma bai sha wahala ba. Akwai wani masunci, Idi, mai yawan zuwa karɓar maganin ciwon jiki. Surajo ya ce masa an zaɓe shi cikin mutanen da za a riƙa aunawa kyauta, ya kawo fitsarinsa da sassafe duk farkon wata, ta ƙofar baya.

A karo na uku Idi ya ce, “Likita, kullum awo kullum awo, har yanzu ba a gano komai ba?”

“Ana nan ana bincike. Ka ɗauka aikin asibiti jefa koma ne, a jefa a jawo?”

“To Allah ya sa a gano. Ni dai in na zo ƙarshen fitsari zafi nake ji.”

“Rana ce. Ka riƙa shan ruwa.”

Mutumin da ya yi shekara uku a makarantar jinya, yana aiki a bakin dam, masunci ya ce masa yana jin zafi a ƙarshen fitsari, ga kwalbar da ɗan ja-ja a hannunsa, amma bai tsaya ya yi tunani ba. Hankalinsa na kan yadda zai soke kwalbar a ƙugu don ta yi ɗumi kafin ya juye a tasa.

A wata na takwas takarda ta zo daga Kano. Mai awo ya rubuta cewa babu alamar allura, amma ya ga jini, da ya duba da madubin ganin ƙwayoyin cuta kuma ya sami ƙwayayen tsargiya, cutar nan ta masu shiga ruwa, don haka a yi wa ma'aikacin magani. Malam Balarabe ya karanta, ya ninke takardar ya sa a aljihu. Washegari da safe, Surajo na karyawa, Asma'u ta ajiye masa ambulan kusa da kofin shayi. Ƙwayoyi huɗu ne manya a ciki.

“Baba ya aiko. Ya ce takarda ta zo, wai tsargiya gare ka, ka shanye su yau.”

“Tsargiya?” Sai ya fashe da dariya. “Allah sarki Baba. Ki ce na gode.”

“Ya ce kuma in gaya maka, shi bai san kana shiga ruwa ba.”

“Ki ce masa na taɓa wanke ƙafa a bakin dam.”

“Kai? Malam, kai da ko yayyafi aka yi sai ka naɗe takalmi a leda ka tsaya a rumfa?”

“Ke dai kai saƙo. Ko ke ma an ba ki fom ne ki sa hannu?”

Ta ɗauke kwanuka ta fita.

Ko yaron da bai gama firamare ba zai gane abin da dattijon ke nufi. Mutumin da kunya ta hana ya faɗi magana da bakinsa ya aiko 'yarsa ta faɗa, ya kuma bar ƙofa a buɗe: ka sani na sani, ka gyara kafin wata ya kama. Surajo, gwanin karanta fuskoki, ya fassara saƙon da cewa tsufa ya fara kama surukinsa. Da mai tsoron Allah ne, da ya zubar da sauran kwalaben ya je ya durƙusa. Da ƙwararren macuci ne, da ya ba Idi ƙwayoyin ya warke, ya huta. Bai kai ko ɗaya ba. Ya jefa ambulan a aljihun tebur, Talata ta zagayo, ya miƙa fitsarin Idi kamar yadda ya saba. Sakamako ya dawo da jini da ƙwayayen cuta kamar na baya.

Wata Alhamis, misalin ƙarfe tara na safe, wata farar mota ta tsaya a ƙofar asibitin. Wani ƙaƙƙarfan mutum ya fito da jaka a hannu, bakinsa ja da goro. Ya gaida Malam Balarabe da girmamawa, sannan ya leƙa ɗakin da Surajo ke wanke wa wata tsohuwa gyambo.

“Kai ne Surajo? Sunana Habu, hukuma ta aiko ni daga Kano. Gama da Iya, ka zo mu zaga.”

“Ranka ya daɗe, ai yau Alhamis ce. Talata ake yi.”

“Ni ma na san kwanakin mako.”

“Kuma Malam Balarabe ne mai kula da ni. Yana nan a takarda.”

Habu ya zuge jaka, ya ciro wasiƙa, ya riƙe ta yadda Surajo zai ga rubutun. Rubutun surukinsa ne, mai tsabta, a tsaye. Dattijon ya rubuta wa hukuma cewa ma'aikacin da aka ba shi mijin 'yarsa ne, cewa ya kamata ya faɗi haka tun ranar farko bai faɗa ba, kuma sau tara ya sa hannu a kan ya ga abin da bai gani ba. Ya roƙi a turo wani, a kuma yi masa hukuncin da ya dace da shi.

Surajo ya waiwaya. Malam Balarabe na zaune a teburinsa yana cika katin wani majinyaci, bai ɗago ba.

A ƙofar makewayi Surajo ya miƙa hannu a ba shi kwalba. Habu ya ba shi, ya kuma bi shi ciki.

“Haba, ranka ya daɗe. Ai da kunya.”

“Ni ba ka auri 'yata ba. Ɗaga rigar, in ga ƙugunka.”

Babu komai a ƙugun, domin ba ranar Idi ba ce. Suka tsaya. Minti biyar, minti goma.

“Ya ƙi zuwa,” in ji Surajo. “Abin nan ba a yi masa dole.”

“Gaskiyarka. Mu je waje.”

Habu ya sa aka shimfiɗa tabarma a inuwa, ya aika aka kawo shayi buta guda da tulun ruwa, ya zaunar da shi a gefensa. Duk kofin da ya ƙare sai ya cika masa wani. Ya ba shi labarin tsadar taki, da yadda kifin Tiga ya fi na Kano daɗi, kamar tsofaffin abokai. Majinyata na wucewa suna gaishe su. Surajo ya ce zai je ya yi alwala, Habu ya ce shi ma. Ya ce zai leƙa gida, Habu ya ce da ma yana so ya gaida iyali. Surajo ya sauke murya ya ce shi mai 'ya'ya uku ne, kuma shi da Habu duk ma'aikatan jinya ne, bai kamata ɗan'uwa ya tona ɗan'uwa ba.

“Na karanta fayil ɗinka a mota,” in ji Habu. “Akwai wani mai ɗinki ashirin da uku a ciki. Shi ɗan'uwan wa ne? Sha shayinka.”

Ƙarfe ɗaya saura kwata jiki ya ci amanar mai shi. Habu ya tsaya a kansa, ya kalla da idonsa, ya liƙe kwalbar, ya sa hannu, ya sa Surajo ma ya sa nasa. Allurar da Surajo ya soka wa kansa da asubahin ranar tana ciki.

Bayan mako biyar wasiƙa ta iso, layi shida. An soke sunansa daga rajistar ma'aikatan jinya, kuma duk inda aka same shi yana aikin jinya za a miƙa shi ga hukuma. Malam Balarabe aka ba shi takardar gargaɗi, ta farko a rayuwarsa, aka sauke shi daga shugabancin asibitin, ya ajiye aiki da kansa kafin shekara ta ƙare. Shi ne ya bincika har ya gano fitsarin Idi ne, ya nemo shi, ya auna shi, ya ba shi magani. Asma'u ta tafi gida da yara hutun sallah, ba ta koma ba, babu kuma wanda ya je biko.

Surajo ya koma Ba'awa, ya zauna a shagon ƙanensa yana auna wa manoma taki da mudu. Har ƙarshen shekarun casa'in, duk wanda ya zauna a bencin shagon sai ya ji labarin. A bakinsa, hassada ce ta ungozoma, da mugunta ta mutanen Kano. Amma wanda ya fi riƙewa a zuciya surukinsa ne.

“Mutum ya san abu, a ce ba zai kira ka gefe ya faɗa maka ba? Sai dai ya rubuta takarda? Da ya yi mini magana baki da baki, wallahi da yanzu ina bakin aikina.”

Wata rana wani tsohon manomi da ya gaji da jin zancen ya ɗaure bakin buhunsa, ya ce, “To ita allurar fa, Malam Surajo, yanzu ka bari?”

Surajo ya ce maganar da ake yi daban ce, ya juya ya tambayi na bayan tsohon mudu nawa yake so.